Itacen da Ba Wanda Ya Dasa

Jiya da la'asar aka yi ruwan farko a Gummi. Ba wani ruwan kirki ba ne, ya dai kwantar da ƙura ya tayar da ƙamshin ƙasa, amma ya isa ya fito da ni bakin shago. Ina tsaye sai ga wata buɗaɗɗiyar mota ta wuce, bayanta cike da ƙananan itatuwa a cikin baƙar leda, suna rawa duk inda ta faɗa rami. Nan take hankalina ya koma shekarar da na kusa ɓatawa da Ja'e a kan gonar ubana.

Ni dillalin hatsi ne. Da jaki ɗaya na fara, ina bin ƙauyukan Bukkuyum ina sayen gero da dawa, har Allah ya kawo ni inda nake. A sana'ata ba na karɓar buhu sai na soka masa ƙarfe na ga abin da ke tsakiya, ko da na ƙanena ne. Haka nake yi wa mutane, haka nake yi wa magana.

Gonar tana ƙauyenmu, gaba da Gwashi, daidai inda rafi ya yi gwiwa. Mahaifina ya ba mahaifin Ja'e, wani Bafillace, aronta tun muna yara, lokacin da suka sauka kusa da mu da shanunsu. Tsofaffin suka rasu, aro ya ci gaba tsakanina da Ja'e, domin ni kasuwa ta ɗauke ni. Sharaɗin aro a wurinmu sananne ne. Ka noma abin da kake so, ka ci. Kowace kaka ka kai wa mai gona dami ɗaya na gero, ba haya ba ce, tuni ne kawai cewa gonar da mai ita. Kuma ba ka dasa itace. Gero shekara guda yake yi ya tafi, amma itace yana nan bayan an binne wanda ya ba da aro da wanda ya karɓa. Ranar da jikoki suka tsaya gaban mai gari, tambayar farko ita ce wa ya dasa wancan. Wanda kakansa ya dasa, shi ke tafiya da gona.

A lokacin ma babu itacen da za a yi gardama a kansa. Ina yaro akwai kanya da marke da ƙirya a wurin, amma an sare su ɗaya bayan ɗaya, wasu don turmi, wasu don girki, na ƙarshe masu haƙar zinariya suka saye don tokare ramukansu. Gonar ta zama fili fetal, iska na kwashe ƙasarta.

Shekarar da nake magana, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu da goma sha, azumi ya faɗo a farkon damina, damina kuma ta ƙi zuwa. Zafin bazara ya zarce. Da hantsi ƙasa ta riga ta ƙi takuwa, kaji na buɗe baki a gindin randa. Hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da yashi a haƙora. Mutane sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa. Aka yi yayyafi guda, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Rumbuna sun yi ƙasa. A gidaje da yawa abin shan ruwa kunu ne tsararo da kwaɗon yaɗiya, da asuba kuwa abin da ya rage. Ni ina da hatsi a ajiye, ba zan ɓoye ba, sana'ata ke nan. Na san irin kallon da ake bina da shi idan na wuce a kan babur.

Cikin wannan hali masu dashe suka zo. Wata ƙungiya ce, da mota da ma'aikata. Suka ce duk wanda ya karɓi itatuwa ya dasa a gonar da yake nomawa, ya raya su, za a riƙa ba shi hatsi har kaka. Amma kowane rami sai an ɗora masa wata na'ura mai kama da waya, ta riƙe daidai inda yake a doron ƙasa, sannan a ɗauki hoton mai dashen tsaye kusa da shi, a sa sunansa. Suka ce da haka za su riƙa duba itatuwan daga sama, su san wanda ya rayu.

Ƙasarmu ba ta daɗe da ganin baƙi masu na'ura ba. Shekaru kaɗan kafin nan gubar dalma ta ci yara a ƙauyukan Anka da namu, aka zo ana auna ƙasa ana kankare tsakar gidaje. Waɗancan sun taimaka, ban musa ba. Amma a bayansu wasu sun zo da tasu na'urar suna shinshinar zinariya, kuma na san gonar da aka auna ta tana gona, aka dawo aka tarar da ramuka. Saboda haka da wani mai awon hatsi ya ce mini a kasuwa, “Alhaji Mamman, na ga Bafillacenka na gina ramukka a gonarku,” ban ƙarasa cinikin da nake yi ba, na hau babur.

Na tarar da Ja'e tsugune, ya yi layin ramuka tun daga bakin rafi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Shanunsa sun ƙare a 'yan shekarun nan, wasu ciwo, wasu sata, gonar ce kaɗai ta rage masa.

Na ce, “Ja'e, mi kaka gina? Rijiya ko kabari?”

Ya ce, “Kaɗo, ko sallama babu? Ramukkan dashe na. Gobe malamar ƙungiyar za ta zo da icce.”

“A gonar wa?”

Ya miƙe ya kaɗe hannu. “A gonarka. Wa ya ce ba taka ba ta? Shekara nawa ina kai maka dami, na taɓa fashi?”

“Ba ka taɓa ba. Amma ka san doka.”

“Na san doka, na kuma san gidana babu hatsi ko tiya guda. In rantse maka da Alƙur'ani?”

Na ce masa ba shi nake tsoro ba. Ɗiyansa nake tsoro, da nawa, ranar da babu ni babu shi. A da ma da baki ake shaida ana cin gona, balle yanzu da za a fito da hoto, ga ubansu tsaye, ga itace, ga suna, ga na'ura ta ce nan ne wurin. Wane mai gari zai tsallake wannan ya saurari labarin dami?

Na ce ya bar ramukan, ya zo gida in auna masa abin da zai kai shi kaka. Ya dube ni kamar na zage shi.

“In zo ƙofarka da buhu, mutane na kallo? Wanga aiki na, gumina za ni ci. Naka kuwa sadaka ta, ko kuma tarko. Na san ka, Mamman.”

Na ce to a dasa da sunana, shi ya yi ban ruwa ya karɓi hatsin. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce wato ya yi ta jigilar ruwa da azumi a bakinsa, ranar da itatuwa suka yi inuwa in zo in ce ina son gonata. Sai a lokacin na gane yadda nake soka masa ƙarfe, haka shi ma yake soka mini.

Washegari na riga malamar zuwa gonar. Sunanta Saratu, mutuniyar Anka ce, amma Hausar rediyo take yi. Ta sauko daga mota da hular rana a kan mayafinta, na'urar rataye a wuya. Na gaishe ta, na ce ni ne mai gona, ina da tambaya.

“Malama, wanga hoto ina za shi?”

“Ofis, Alhaji. Daga can ya tafi wurin masu ɗaukar nauyin aikin.”

“Daga can fa?”

Ta ce, “Daga can ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba.”

“Na'urar na ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa?”

“Ba ta gani. Wuri kawai take riƙewa.”

“In tana gani, za a gaya miki?”

Ta yi murmushi ta ce wataƙila ba za a gaya mata ba. Wannan amsar ta sa na ɗan ga girmanta, amma ba ta sa na yarda ba. Na ce ba za a dasa ko tsinke a nan ba. Ja'e ya juya mini baya. Ya ɗauki fartanyarsa ya fara mayar da ƙasa cikin ramukan, ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye. Na fi son a ce ya zage ni.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi nauyi. Waɗanda suka dasa suna ta fama. Tun da sassafe za ka ga mata da maza a layi daga rafi, inda aka tona yashi ana kwarfar ruwa da ƙoƙo, kowa da tulu ko jarka, leɓe a bushe. A zuba wa ɗan itace, ƙasa ta shanye kafin a juya baya. Aka kewaye su da ƙaya saboda awaki, duk da haka da yawa suka bushe suka zama tsinke. Amma ranar rabo kowa ya dawo da hatsinsa a ka, ban da gidan Ja'e. Matarsa ta daina kawo wa Inna nono, don babu saniyar tatsa, ta kuma daina shigowa gaisuwa. Inna, mahaifiyata, tana lura da komai. Sai ta riƙa tura mini ƙwaryar fura da shan ruwa ba tare da ta dube ni ba.

Wata rana na biya ta gonar, don in tabbata ba a sake tona ramukan a bayan idona ba. Ba a tona ba. Gero na biyu da Ja'e ya shuka ya fito ya lanƙwashe, fari fat. Na zauna a kan wani kututture ina huce gajiya, sai na ji abu na sosa mini ƙafa. Toho ne, kore shar, ya fito daga gindin kututturen. Na duba gaba, ga wani. Na tashi na zaga. Kalgo, sabara, marke, har da kanyar nan da muke ci muna yara. Duk abin da ke gonar ya mutu ko yana shirin mutuwa, ban da waɗannan, kuma ba mai ba su ruwa. Kowace shekara Ja'e na sare su a sassabe ya ƙone, kamar yadda kowa ke yi, kowace shekara suna dawowa.

Kan dillali ba ya hutawa. Da aka sha ruwa na zauna kusa da tabarmar Inna.

“Inna, iccen da ya fito da kansa a gonar aro, na wa na?”

Ta ce, “Na gona na. Wa ya dasa shi da za ya ce nashi na?”

“Ko mai aro ya yi mashi gyara, ya tsare shi har ya girma?”

“Ko ya goya shi a baya. Waɗanga kututturan kakanka ya tarar da iccensu nan. Mi kaka ƙullawa kuma?”

Na ce ciniki ne. Ta ce ta sani, ai ban taɓa tambayar abu don Allah ba.

Ban tsaya a maganar Inna ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na tare mai gari a gaban dattawa, na sa aka kira Ja'e, na maimaita tambayar da ƙarfi don kowa ya ji. Mai gari ya ba da amsa irin ta Inna, dattawa suka gyaɗa kai. Na ce a riƙe wannan. Sannan na nemi Malama Saratu na tambaye ta ko na'urarta na ƙirga itacen da ba a dasa ba. Ta ce a wasu wurare ma da irinsa suka fi aiki, nan ne mutane suka fi son na leda don shi ne ake gani an ba su. Amma sai ta tambayi na gaba da ita. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yarda: Ja'e ya zaɓi toho mai ƙarfi a kowane kututture, ya rage sauran, ya tsare shi, za a ba shi hatsi kamar kowa.

Saura hoto. Ta ce dole mai kula da itacen ya tsaya a ciki.

Na ce, “To ni ma ina ciki.”

“Alhaji, ba kai ne ka ce ba ka son na'ura ta san fuskarka ba?”

“Na ce. Amma ba a ɗaukar Bafillace shi kaɗai a gonar ubana.”

Ja'e ya ce, “Bar shi, Malama. Kaɗo ko inuwarshi ba ya yarda da ita.”

Ban san kututturan suna da yawa haka ba sai ranar. Tun hantsi muke yi har rana ta take tsaka ta karkata. A kowane ɗaya Ja'e zai tsuguna ya riƙe tohon, ni in tsaya a bayansa da babbar riga, na dafa tsohuwar fartanyar mahaifina da na ɗauko musamman, malama ta ɗora na'ura, ta ɗauka, mu matsa. Na sa ta rubuta a kowanne cewa tsiro ne, ba dashe ba, kuma sai ta karanta mini na ji. Ga azumi, ga rana, rigar ta manne mini a baya, harshena kamar ɓawon itace. Wajen na ƙarshe idona ya fara ganin duhu. Ja'e ya ce in je in zauna, ya yi alkawari ba zai sace gonar kafin la'asar ba. Ban zauna ba.

Ruwa bai zo ba sai bayan salla. Da ya zo kuwa ya zo da gaske, rafi ya cika har ya hau gwiwar gonar, kwaɗi suka hana mutane jin juna. Aka sake shuka a makare. Tafasa ta fito, mata suka samu abin kwaɗo, hatsin masu dashe ya riƙe gidan Ja'e har sabon gero ya nuna. Amfanin bai yi yawa ba a shekarar. Duk da haka da kaka ya zo da daminsa a kan jaki, ya jefar a ƙofar gidana ya ce, “Ga tuninka, mai gona.” Matarsa ta dawo gaida Inna.

Shekarun da suka biyo, tohon ya zama sanda, sanda ta zama itace. Na ledar da aka dasa a ƙauyen kaɗan ne suka kai labari, amma namu sun wuce tsayin mutum, ganyensu na zuba yana rufe ƙasa. Ni dai ban saki jiki ba. Duk farkon damina sai na zaga gonar, in na ga sabon itace in tona gindinsa da yatsa in ga ko daga tsohuwar saiwa ya fito. Ja'e na bina a baya yana cewa in duba da kyau, wataƙila ya dasa wani da dare.

Daga baya daji ya lalace da 'yan bindiga. Ba sai na faɗa wa mutumin ƙasar nan yadda aka yi ba. Muka kwaso Inna muka dawo Gummi, a nan ta rasu. Su Ja'e suka yi yamma, wasu suka ce sun tsallaka iyaka, ban samu wanda ya gan shi da idonsa ba. Dami ya daina zuwa. Dattawan da suka gyaɗa kai ranar Juma'ar nan, yawancinsu sun mutu, sauran sun warwatse. Rabona da gonar shekaru ke nan, kuma ba wanda zai kai ni.

Watan jiya wata mata ta shigo sayen shinkafa, tana taya buhu kamar za ta ƙwace. Muryar na fara ganewa. Malama Saratu ce, ta yi jiki, ta bar waccan ƙungiyar tana wani aikin. Muka gaisa, na tambaye ta ko har yanzu ana ganin wurin daga sama. Ta ce ai yanzu ko a wayarta ana gani. Ta yi ta jan yatsa a kan gilashin, sannan ta miƙo mini.

Da gwiwar rafin na gane. Ga gonar, ga itatuwan, ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu faɗi, wasu har sun haɗe kai. Na daɗe ina kallo. Sai na lura da wani abu. Gonakin da ke kewaye duk sun koma jeji, launinsu ya dushe. Tawa kuwa ƙasarta a share take tsakanin itatuwan, da haske, har ana iya ganin alamar kunya-kunya.

Na ce, “Malama, wanga hoton na yaushe na?”

Ta duba ta ce na bara ne.

Wani na noma gonar ubana. Kuma ko wane ne, ya yi sassabe ya bar itatuwan a tsaye, abin da ba kowa ke yi ba.

Ta ce, “Wataƙila Ja'e ne ya dawo, ko 'ya'yansa.”

Na ce wataƙila. Na tambaye ta ban da mu wa ke kallon wannan hoton. Ta ce duk mai waya. Na tambaye ta tsofaffin hotunan nan na ranar azumi, ko suna nan. Ta ce tana da su a ajiye. Na sa ta turo mini su duka, na rage mata kuɗin shinkafa, abin da ban saba yi ba. Ga ni nan a kowanne, baƙi wuluk da gumi, fuska a murtuke, na dafa fartanya, Ja'e na tsugune yana danne dariya.

Na ba masu tallar nono da ke zuwa daga wancan gefen saƙo, na ce su bi da shi baki baki har ya isa: mai noman gonar gwiwar rafi, mai gonar na nan da rai, yana Gummi, layin 'yan shinkafa, kuma dami ɗaya ne ba a ƙara ba.

Ruwan jiya ya ce damina ta kama. Na share wuri a kusurwar shago, daidai zaman dami guda, na hana a ajiye komai a ciki. In ya zo da kaka, na san Ja'e ne ko jininsa, sai in yanka rago. In bai zo ba, ina da hoto.